Yaron da ya gama aji biyar a Sabon Birni, mun zaunar da shi a CI

Mushen Ƙauye

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta gabanku, tunda a cikinku akwai waɗanda suka riƙe alli tun ban san hanyar makaranta ba.

Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a jihar Maradi ta Nijar, wajen Gidan Rumji (a nan Mushe ake ce wa malamin makaranta). Ba zan faɗi sunan garin ba. Da aka koma makaranta a watan Oktoba, wasu iyalai suka sauka garinmu daga ƙasar Sabon Birni ta Najeriya, 'yan bindiga ne suka tashe su cikin dare. Maigari ya rarraba su gida-gida, kamar yadda aka saba tun 2019 da aka fara wannan gudun. A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 12. An kashe mahaifinsa a daren, uwarsa tana takaba a gidan gwaggonta. Ya ce mini ya gama aji biyar a can, amma ba shi da ko ƙyallen takarda da zai nuna, daga shi sai rigar wuyansa ya tsallako. Faransanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba.

Da muka rasa yadda za mu yi, sai muka zaunar da shi a CI, wato ajin farko na firamare, cikin 'yan shekara 6 da 7. Da bakina a wannan shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Ya yi kwana tara yana zuwa, yana zama can baya, ya fi kowa tsawo ko a zaune. Rana ta goma ba mu gan shi ba. Jiya ranar kasuwa na hango shi yana dakon buhu. Na ja shi gefe, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni fa na iya karatu." Na ciro wani kwalin magani daga aljihuna mai rubutun Ingilishi, ya karanta mini shi tsaf. Na rubuta masa 756 a ƙasa na ce ya raba gida bakwai. Ya tsara lissafin ta wata hanya da ba irin tamu ba, ya fitar da 108. A CM1 ɗinmu, wato aji biyar, ba kowa zai ci wannan ba.

Tun jiya kunya ke damuna. Yaya zan dawo da shi, kuma wane aji zan kai shi? Akwai irinsa guda biyar a garin.

Tsohon Darakta

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifin yaron nan, ya ba uwarsa dangana.

Kun gwada bakinsa, ba ku gwada kansa ba. Ni ma na taɓa yin haka, shi ya sa na gane. Yaro ya zo bai jin Faransanci, sai mu ɗauka babu komai a kansa, alhali abin da ya rasa harshe ne kawai. Ka tara su shidan, ka yi musu gwaji da Hausa: karatu, shifta, haɗawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Kada ka damu da yadda ya tsara rabawar, makarantun Ingilishi haka suke tsara ta, kuma inda mu muke sa waƙafi a lamba su ɗigo suke sawa. Amsa ka duba.

Wanda aka samu bai taɓa shiga aji ba, ko ya daɗe da fita, shi ne ya dace da ajin gada, wanda muke kira passerelle. Wata tara ake yi, a fara da harshen uwa kamar wata biyu, sannan a shiga Faransanci, a ƙarshen shekara a gwada yaro a zuba shi CE1 (aji uku) ko CE2 (aji huɗu) gwargwadon ƙoƙarinsa. Amma naka ya wuce wannan. Da ni ne, CE2 zan sa shi yanzu, in dinga ba shi Faransanci daban da yamma.

Malama Basakkwata

Baba Darakta, ka yi mini afuwa, ni ban gamsu ba. Ni malamar firamare ce a Sakkwato, yaran nan namu ne. Yaro ya yi shekara biyar yana gina Ingilishi, saura shekara ɗaya ya shiga ƙaramar sakandare, sai a ce ya rushe ya fara sabon gini da Faransanci? In an samu lafiya baɗi ya koma gida fa? Ya koma bai iya Faransancin ba, Ingilishin kuma ya zube, ya yi biyu babu. Me zai hana a nemi malamai daga cikin waɗanda suka yi gudun, tunda na tabbata akwai masu takardar malanta ta NCE a cikinsu, su ci gaba da koya musu manhajar Najeriya? Na ji an yi haka a Diffa.

Mazaunin Diffa

Malama, an yi, kuma na gani da idona. An buɗe cibiyoyin karatu da Ingilishi don ɗaliban da suka gudo daga Borno, a nan cikin Diffa da Maine Soroa da sansanin Sayam Forage, da taimakon HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Har Kano aka riƙa kai su rubuta jarabawa. Amma ki lura, 'yan sakandare aka yi wa wannan, waɗanda suka yi nisan da ba za a ce su koma baya ba. Ƙananan yara makarantun Nijar aka zuba su.

Sannan maganar "baɗi" ɗin nan. Mutanen Damasak da suka tsallako kogi a ƙarshen 2014 su ma baɗi suke cewa. Wasu sun koma, gaskiya ne. Wasu kuma yaran da aka goyo a lokacin yanzu sun kai shiga sakandare a nan. Waɗanda iyayensu suka ce a jira a koma gida kafin a sa su makaranta, su ne yau suke tura baro a kasuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro kenan.

Ɗan Marwa

Mu a Kamaru abin ya zo da sauƙi ta wannan fuskar, don ƙasar tana da tsarin Ingilishi da na Faransanci duka. A sansanin Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, yaran Najeriya suna iya karatu da Ingilishi kuma su rubuta jarabawar Kamaru. Nijar ba ta da wannan, kada a kwatanta. Ku duba Cadi ma: 'yan Darfur sun yi kusan shekara goma suna bin manhajar Sudan a sansanoni, sai a 2014 aka mayar da su kan ta Cadi. Iyaye da yawa ba su so ba da farko, don a ganinsu kamar an ce musu ba za su koma gida ba ne.

Malama Basakkwata

To ai wannan ɗin ne ke cikin raina, ɗan'uwa. Ba Ingilishin nake wa kuka ba. In na yarda yaron Sabon Birni ya zauna ajin Faransanci, kamar na yarda garinsu ya tafi kenan.

Baƙon Gobir

Malama, ni ina cikin waɗanda kike magana. Ɗana ne ka rubuta min wagga magana, ni ina hwaɗi.

Mun tsallako cikin azumin 2020 daga wani ƙauye na ƙasar Sabon Birni. Da munka zo, mun ce damina guda za mu yi. Maƙwabcin da ya sauke mu yac ce in ba shi ɗiyata ta bi tashi zuwa lakwal, nic ce mishi a'a, mi za ta yi da karatun Faransa? Shekara biyu ta yi zaune. Shekarun nan biyu ni na ci mata su, ba kowa ba. Yanzu tana CM1, ta girme ma 'yan ajinsu, amma ita ka karanta muna takardar likita, ita ka yi muna magana da jami'ai in sun zo. Ingilishin da ta fara can bai ɓace duka ba, akwai wani yaro namu da ya yi sakandare, shi ka tara su ranar da babu lakwal shina tuna musu.

Gida kuwa muna so, Allah ya sani. Gonata tana can. Amma ba a ajiye yaro kamar damin gero a ce sai an koma a sussuka.

Mushe, tunda ka tambaya, bari in gaya maka abin da ya fi ƙona ma ɗiyanmu rai. Ba bulala ba ce, ba Faransanci ba ne. In baƙi sunka zo da mota, sai a shiga aji a ce, "'Yan gudun hijira su tashi tsaye." Su tashi, a ƙirga su, wani lokaci a ɗauki hoto. In an fita hutu, yara su bi su da "ɗan gudu, ɗan gudu." Ɗiyata ta yi kwana uku ba ta ci abincin kirki ba ranar da anka fara yi mata haka. In ƙirga ake so, ai sunayensu na cikin rajista.

Mushen Ƙauye

Baba, na gode. Wallahi an yi haka a makarantarmu makon da suka zo, ina tsaye a wurin, ban ga aibinsa ba sai yanzu da ka faɗa. Kuma yaron nan yana cikin waɗanda suka tashi, a tsakiyar 'yan CI.

Manomin Tsibiri

Ni ba malami ba ne, amma ina da yara huɗu a makaranta, ku bar ni in faɗi tawa ko da ba za ta yi daɗi ba.

Lokacin da mutanen nan suka fara zuwa a 2019, babu wata ƙungiya a wurin. Mu muka buɗe rumbunanmu. Gidana mutum goma sha ɗaya suka kwana fiye da wata uku, gero na ci da na iri duk muka haɗa. Ban yi da-na-sani ba, danginmu ne. Sabon Birni ai daga Tsibiri aka tashi aka kafa ta, Gobir ɗaya ce, Bature ne ya ja layi a tsakani. Amma da agaji ya iso, sai aka zo makaranta aka ware 'ya'yan baƙi aka ba su jaka da littattafai da alƙaluma, nawa suna kallo, allonsu a fashe. Ɗana ƙarami ya dawo gida ya ce, "Baba, mu yaushe za a kore mu mu samu jaka?" Ku gaya mini me zan ce masa. Ga layi a rijiya ya ninka, ga itace ya yi nisa, ga aji ya cika har bakin ƙofa. Yanzu kuma ana maganar Mushe ya ware lokaci da yamma don yaro ɗaya. Nawa da suke CE2 ba su iya karanta sunansu ba fa?

Uwar Ɗalibai

Yaya, babu wanda zai ce ka yi ƙarya. Ni ina cikin ƙungiyar iyaye mata ta makarantar garinmu, kuma wannan maganar jaka ta kusa raba mu da matan baƙi, har aka daina gaisawa a bakin famfo. Abin da muka yi, muka je wajen darakta da shugaban COGES, kwamitin kula da makaranta, muka ce duk kayan da zai shigo makaranta a zuba shi wuri ɗaya, a raba bisa buƙata, marayu da marasa hali a gaba, ko ɗan gari ko baƙo. Masu kawo kayan sun ɗan ja, suka ce lissafinsu da sunaye yake, amma da maigari ya sa baki suka yarda. Matan baƙin ne ma suka fi mu son haka, don su ma sun gaji da harara.

Karatun yamma kuwa, kada a ce na baƙi ne. A ce na duk wanda Faransanci ya yi wa nauyi ne. Naka su shiga, nasu su shiga.

Baƙon Gobir

Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Malam manomi, geron da kunka ba mu ba mu manta ba, kuma ba mu da abin biya. Jakar da za ta sa ɗanka kuka, ni ban son ta a bayan ɗiyata.

Manomin Tsibiri

Allah ya bar zumunci, Malam. In haka za a yi, ni ba ni da ja. Har fitila mai caji zan bayar.

Tsohon Darakta

Wannan da kuke faɗi shi ne tunanin da aka gina garuruwan nan uku a kansa, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Kafin ƙarshen 2019 waɗanda suka shigo jihar Maradi sun haura 40,000, yawancinsu mata da yara, suna zaune dab da iyaka inda 'yan bindiga ke iya biyo su. Maimakon a kafa sansani a kewaye da waya, sai hukuma da HCR suka matsar da masu so zuwa gefen garuruwan da ke nesa da iyaka, aka ƙara famfo da ɗakunan karatu da gidan likita, ɗan gari da baƙo kowa ya amfana. Sai dai mafi yawan mutanen ba su je can ba, suna cikin ƙauyuka irin na Mushe, inda abin da maigari da malamai da mata suka tsara shi ne kawai tsarin.

Abu ɗaya, ɗana: in za ku yi karatun yamma, ku yi shi cikin ajin gini bayan an tashi, ko a gindin bishiya tun da sauran haske. Kada wani ya ce a kafa rumfar zana a sa fitila ko a hura wuta kusa. Ba mu manta gobarar Maradi ta watan Nuwamba 2021 ba, yara sama da 20 suka ƙone a ajin zana, bayan wadda aka yi a Yamai a watan Afrilun shekarar.

Alaramma

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Ni tsangaya gare ni, ban san CE2 ba, ban san CI ba. Amma yaran nan da kuke magana, da yawansu kafin su zo wurinku wurinmu suke fara zuwa, tun daren da suka sauka wani lokaci.

In yaro ya zo mini daga wani gari, ba na tambayar takarda. Ina ce masa, "Ina ka tsaya?" Ya ce Sabbi, ko Tabara, ko ya ce ya yi izu goma. In ce to biya in ji. In ya biya daidai, a wanke masa allo a ɗora daga inda ya tsaya. In ya yi tuntuɓe, a koma baya kaɗan, ba a mayar da shi babbaƙu ba. Wani yana zuwa da ƙira'ar da ba irin tamu ba, mu Warshu muke yi, shi a Islamiyya ya yi Hafsu. Ba ma cewa bai iya ba. Muna gane hanya ce daban, mu gyara masa baki a hankali.

Malam, ka je ka tambaye shi ina ya tsaya. Ka bar shi ya biya maka. Kuma ka yi masa tambayar a inda babu yara.

Malama Basakkwata

Allah ya gafarta Malam, wannan ta shige ni. Na janye rabin maganata. Ya shiga ajin Faransancin, amma don Allah Mushe kada a sa shi ya ji abin da ya zo da shi laifi ne. In ya rubuta kalma da Ingilishi kada a ja masa jan biro kamar ya yi ɓarna. Zan iya turo maka hotunan shafukan littafin aji shida na Ingilishi da lissafi ta waya, wani ya riƙa bi da su ko sau ɗaya a mako.

Tsohon Darakta

'Yata, ai Hausar da ke bakinsa ma gada ce. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma waɗanda muka ga irin waɗannan azuzuwan mun san yaron da ya iya karatu da harshensa ya fi saurin kama na biyu. Yanzu ma kundin da gwamnatin Nijar ta fitar a 2025 ya sa Hausa ce harshen ƙasa. Yaron da ya san haruffa ya riga ya yi rabin tafiya. Abin da zai ba shi wuya sanannu ne: sautin "u" da "ou", haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, da ƙirga daga 70 zuwa 99, inda Bafaranshe ke cewa ashirin huɗu maimakon tamanin. Wata uku na yamma sun isa ya fara bin darasi.

Ɗan Kasuwar Madarunfa

Maganar takarda fa? Ni a ganina mai sauƙi ce. In alƙalai sun fito zagayen ƙauyuka yin takardun haihuwa, a samu shaidu biyu su ce a garin aka haife shi, shi kenan ya zama ɗan ƙasa, ya huta.

Tsohon Darakta

A'a, Alhaji. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma kada a yi. Shaidar zur ce, kuma yaron za ta cutar gaba. Sunansa yana rajistar 'yan gudun hijira an haife shi a Najeriya, ga wata takarda ta ce a Nijar, ranar da aka haɗa biyun shi zai shiga uku, ba shaidun ba. In ya koma gida neman gadon gonar ubansa kuma fa? Takardar rajistar da hukuma da HCR ke ba iyali tana ɗauke da sunansa da shekarunsa, a kai wa darakta ita a rubuta shi. Rashin takardar haihuwa ba ya hana yaro zama a aji. Kafin ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, darakta ya tuntuɓi sufeto a san abin da za a haɗa masa na jarabawa, tun da wuri, ba ana saura mako biyu ba. Jariran da aka haifa a nan bayan an zo, su kam a kai su a yi musu takardarsu ta gaskiya, haƙƙinsu ne.

Ungozoma

Mushe, ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana. Yaron da aka kashe ubansa a gabansa ko a kusa da shi, ko ka sa shi ajin da ya dace, akwai ranar da zai zauna kamar ba ya nan. Wasu in suka ji ƙarar babura biyu uku tare sai su shige ƙarƙashin tebur, ko su fita da gudu. Wasu manya da su suna fitsarin kwance. Wasu faɗa, abu kaɗan su kai duka. Kada a ce iskanci ne ko aljanu, firgita ce. Kada ka tsare shi da tambayar abin da ya faru a daren. In ya kawo da kansa, ka saurara, kada ka ce "manta kawai." Ka zaunar da shi inda yake ganin ƙofa. Ka gaya masa tun da safe abin da za a yi a ranar, don abin bazata ne ba sa so. Bulala kuwa a ajiye ta gaba ɗaya a kansa. In ka ga ya daina ci, ko ya daina magana, ko yana cewa gara ya mutu, wannan ya wuce aji, a kai shi gidan likita.

Ka tambaya mini ko yana da ƙanne. A duba ko an yi musu rigakafin ƙyanda, a auna damtsensu saboda tamowa. Yawancin ƙauyukan da suka baro an daɗe ma'aikatan lafiya ba su shiga ba.

Uwar Ɗalibai

Ƙanena Mushe, tambaya biyu. Ka ce uwar tana takaba. To wa ya je ya same ta? Wata huɗu da kwana goma ba za ta zo makaranta ba, kai kuma namiji ba za ka faɗa mata ɗaki ba. Kuna can kuna yanke wa ɗanta aji, ita ba ta ma san an yi ba. Ka nemi mata biyu manya daga ƙungiyar iyaye su je su yi mata gaisuwa tukuna, ba maganar makaranta ba. A zuwa na biyu a kawo maganar.

Ta biyu: ka ce akwai irinsa guda biyar. Mata nawa ne a ciki?

Mushen Ƙauye

Yaya, duka maza ne. Waɗanda na gani a waje na ƙirga.

Uwar Ɗalibai

Na san za a rina. Matan suna cikin gida suna daka da surfe wa masu masauki, don uwar tana jin nauyin zaman cin abincin mutane, sai ta biya da hannun 'yarta. Wasu an ɗora musu talla. 'Yar shekara 13 ko 14 kuwa, in ba a yi da gaske ba kafin kaka ta zagayo an ɗaura mata aure, ba don uwar ba ta sonta ba, don a rage baki ɗaya kuma a samu mai tsare ta. Ba a gyara wannan da faɗa ko da takardar gargaɗi. A garinmu abin da ya yi aiki, kowace yarinya baƙuwa muka haɗa ta da 'yar gari sa'arta da za ta biya mata da safe su tafi tare, sannan muka sa uwayen cikin adashinmu, ko da dala ashirin ce a mako. Matar da take zubi tare da ke ba za ta ɓoye miki abin da ke damunta ba.

Mushen Ƙauye

Assalamu alaikum. Kwana goma sha biyu kenan, ga inda aka kwana.

Mata biyu sun je wajen uwar, sau biyu kamar yadda Yaya ta ce. Ashe ba CI kaɗai ta kore shi ba. Abin da yake samu a dako, jika ɗaya ko ƙasa da haka ranar kasuwa, da shi suke sayen cefane, don kada su zama komai sai an ba su. Ta ce mahaifinsa burinsa yaron ya yi karatu, ta yi kuka sosai. Makarantarmu ba ta da kantin, wato ba a ciyar da yara, da akwai da abin ya zo da sauƙi. Muka daidaita a kan zai zo kullum ban da ranar kasuwa, ni kuma zan rama masa darasin ranar.

Na same shi shi kaɗai a bayan masallaci na tambaye shi inda ya tsaya, kamar yadda Alaramma ya ce. Ya yi shiru, sannan ya fara lissafa mini abin da suka yi a aji biyar, har da sunayen jihohin Najeriya da manyan biranensu. Na bar shi ya kai ƙarshe. Na kuma ba shi haƙuri a kan CI.

Darakta ya yarda a gwada shi a CE2 zuwa hutun Disamba. Cikin sauran biyar, biyu sun bi shi, biyu CE1, ɗaya bai taɓa shiga aji ba, muna neman inda ajin gada yake kusa. Karatun yamma mun fara da yara goma sha tara, goma sha uku 'yan gari ne. Shekaranjiya ya nuna wa 'yan ajin yadda suke rabawa a can, suka nuna masa tamu a allo. Jiya kuma wani babur ya wuce da gudu ta bayan aji, ya miƙe tsaye yana rawar jiki, sai da na fita da shi muka zauna a inuwa.

Matan sun gano 'yan mata bakwai. Uku sun fara zuwa. Biyu iyayen sun ce sai an gama girbin wake. Biyu an riga an karɓi kuɗin gaisuwarsu, ɗaya shekararta 13. Maigari ya ce zai kira waliyyan ranar Juma'a, ya ce in zo.

Abin da ya rage mana littafi. Muna da na karatun CP (aji biyu) guda uku kacal, yara goma sha tara.

Tsohon Darakta

Ina da guda takwas a akwati, tsofaffi ne amma shafukansu cikakku. Ka turo wanda zai karɓa a tashar Gidan Rumji ranar Lahadi. Ranar Juma'a kuma kada ka je wurin maigari kai kaɗai, ka tafi da limamin garin da ɗaya daga cikin matan nan biyu, kuma ka bari su fara magana.

Uwar Ɗalibai

'Yar shekara 13 ɗin, a tambayo mini nawa aka karɓa. In mayar da kuɗin ne zai yi wa uwar wuya, zan kai maganar gaban 'yan adashinmu ranar Alhamis.